Waiwaye: Ƙananan kamfanonin gingimari da suka yi tashe a Amurka, suka ɓace

Kafin yaƙin duniya na ɗaya da kuma 'yan shekarun da suka biyo bayansa, ɗaruruwan kamfanoni ne suke ƙera manyan motocin ɗaukar kaya a Amurka. Yawancinsu ba su shekara goma ba suka rufe.

Buɗe irin wannan kamfani ba wani abin wahala ba ne a lokacin, domin galibinsu haɗawa kawai suke yi. Inji a sayo daga Continental ko Waukesha ko Buda, aksul daga Timken, giyabos daga wani wurin, sai a ɗora kan firam, a manna suna a goshin mota. Mai rumfar kanikanci da ɗan jari sai ya wayi gari yana da kamfani, manoma da 'yan katako na yankinsa su zama abokan cinikinsa. Matsalar ita ce maƙwabcinsa ma yana iya yin haka, da kayan iri ɗaya.

Yaƙi ya kawo ciniki. Daga 1917 gwamnati ta raba kwangilar motar soja da ake kira Liberty ga kamfanoni 15. Republic da ke garin Alma a jihar Mishigan ta yi ƙarfi har ta shiga sahun gaba a ƙasar. Da aka ajiye makamai a 1918, sai soja suka fito da rarar motocinsu gwanjo, kasuwa ta cika maƙil, ga kuma durƙushewar ciniki ta 1920 zuwa 1921. Ford kuwa tun 1917 ya fito da Model TT, firam da inji a kan dala 600. Wa zai yi gogayya da wannan farashi alhali da ɗai-ɗai yake sayen injinsa? Waɗanda suka sha da ƙyar, karayar tattalin arzikin 1929 ta kwashe da dama daga cikinsu.

Sai dai ba duka ne suka mutu murus ba, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Rapid da Reliance, General Motors ta saye su, daga cikinsu sunan GMC ya fito. Gersix, wadda aka fara a Fotland, ta koma hannun wasu masu jari a Siyatil, a 1923 ta zama Kenworth, sunan da aka haɗa daga sunayen masu kamfanin, Kent da Worthington. Fageol ta Okland a Kalifoniya ta faɗa cikin bashi; wani ɗan kasuwar katako, T. A. Peterman, wanda yake neman motar da za ta iya jan gungumen itace daga daji, ya sayi masana'antar, a 1939 ta fara fitar da Peterbilt.

Kamfanonin Reo da Diamond T sun daɗe suna jurewa. An haɗe su a 1967 suka zama Diamond Reo, a 1975 su ma suka karye.