Wutar gargaɗin birki a dashbod ɗin mota tafi-da-gidanka

Wutar gargaɗin birki ita ce 'yar fitilar nan da ke kamawa a dashbod, gaban direba, don ta sanar da shi akwai wani abu a tsarin birki da ya kamata ya duba. Mota tafi-da-gidanka kuwa ita ce motar da aka gina mata ɗaki a baya, da gado da kicin da banɗaki, irin wadda ake yawon hutu da ita a Amurka da Turai. Kamfanin da ya gina ɗakin daban, wanda ya ƙera gindin motar daban, shi ya sa batun birki da dashbod duk na mai gindin ne, kamar Ford F-53 da E-450, ko Mercedes Sprinter, ko Fiat Ducato, ko Freightliner a manyan masu dizal. Wanda zai duba ma'anar wata wuta, littafin gindin motar zai ɗauko, ba na ɗakin ba.

Kala da ma'ana

Idan aka murɗa makulli duk fitilun kan kama na 'yan daƙiƙu sannan su mutu, wannan gwaji ne kawai motar ke yi wa kanta. Wadda ta ƙi mutuwa, ko ta kama ana cikin tafiya, ita ce abin dubawa. Wadda ma ba ta taɓa kamawa lokacin gwajin ita ma matsala ce, don wataƙila ƙwan ya ƙone ko wani ya cire shi.

Ja ita ce babba. Da'ira ce da alamar motsin rai a tsakiya, a motocin Amurka kuma sau da yawa kalmar BRAKE ce kawai a rubuce. Mai ruwan ɗorawa da aka rubuta ABS a ciki tana nufin na'urar hana taya kullewa ta daina aiki, birkin na nan yana kamawa amma in aka taka da ƙarfi a kan titi mai santsi taya zai iya kullewa motar ta zame. Akwai kuma wata da'ira mai ɗigo-ɗigon layi a gefe, a Sprinter da Ducato ana ganinta, ita cewa take fad, wato abin da ke matse faifan taya in an taka birki, ya cinye. In ja da ta ABS suka kama tare, to a nemi wuri a tsaya, domin mai yiwuwa rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya lalace, kuma motar da ke ɗauke da gida guda ba abin wasa ba ce.

Jar wuta a birkin mai

Abu na farko da ake dubawa, kuma abin dariya shi ne ya fi yawa, birkin hannu ne bai sauka duka ba. Wani lokacin ma ya sauka, ɗan makunnin da ke jikinsa ne ya maƙale da datti ko wayarsa ta taɓa ƙarfe. A ja shi a sake shi sau biyu ko uku, in wutar na ƙyaftawa da motsin hannun to an gano inda take.

Na biyu man birki. A buɗe bonet, kofin man na kan masta, wato famfon da ke tura man zuwa tayoyi, roba ce fara da ake hango man ta jikinta, da layi biyu, MIN a ƙasa MAX a sama. A cikin kofin akwai wani ɗan abu mai yawo a saman man, in man ya yi ƙasa sai ya nutse ya kunna wutar. Shi ya sa wani lokaci za a ga wutar ta kama a kwana ko gangara ta kuma mutu da an miƙe, man ne ke kaɗawa a bakin layi. To a nan ne mutane ke kuskure, su zuba mai su rufe su ci gaba da tafiya. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji, in ya ragu akwai inda ya tafi. Ko dai fad ya cinye fistin ya fito waje ya janye man, ko kuma yoyo ake yi. A leƙa bayan kowane taya da fitila, a ga ko akwai danshi a jikin tiyo, ko tabon mai a cikin taya, a bi bututun ƙarfen da ya tafi baya, don a doguwar mota bututun ma dogo ne kuma tsatsa na cin shi a wuraren da aka maƙale shi.

Sai a gwada da ƙafa. A taka birki a riƙe, in ya tsaya cak da tauri akwai sauƙi, in kuwa yana sulalewa ƙasa a hankali ko ya yi laushi kamar soso, motar ba ta tafiya ko'ina sai da janwe. Tun ƙarshen shekarun 1960 motoci a Amurka ke zuwa da layin mai guda biyu, ta yadda in ɗaya ya fashe ɗayan zai rage, amma rabin birki a motar da ta kai tan biyar ko goma kusan babu ne.

Irin man ma a kula, yana rubuce a murfin kofin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Waɗancan ukun suna shan danshin iska, sabon DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 na Salshiyas kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa kan sauko wajen 140. A doguwar gangara da nauyi a baya wannan bambancin shi ne tsakanin birki da rashin birki, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu ko motar ba ta yi tafiya ba.

Wutar ABS

Galibi sensar da ke ƙidaya juyin taya ce, ta kwashi ƙura da garin ƙarfe ko wayarta ta yanke. Kuma ga halin irin wannan motar, sai ta yi wata shida a ajiye, ɓera ya shiga ya ci waya, soket ya yi tsatsa, batir ya yi sanyi. Batir mai rauni shi kaɗai ya isa ya kunna fitilu barkatai a dashbod har mutum ya zaci motar ta gama yawo. Cikakken batir kan nuna wajen bolt 12.6 inji a kashe, in an tada kuma wajen 14, kuma batirin inji ake nufi, ba na ɗakin da ke ba firji da fitilun ciki wuta ba. Bayan nan a duba fiyus. In duk lafiya sai a jona na'urar karanta lambar matsala, sai dai ƙananan masu araha da yawa inji kawai suke karantawa, ba sa shiga ABS, su ce maka babu komai alhali wutar na kallonka.

Masu birkin iska

Manyan masu dizal da injinsu ke baya yawanci iska suke amfani da ita, ba mai ba, don haka babu kofin da za a leƙa, agogon iska ake kallo. Kwamfuresa, wato famfon iska, kan cika tankunan zuwa wajen psi 120 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), in iska ta faɗo ƙasa da wajen 60 sai jar wuta ta kama da ƙara mai damun kunne. Da safe bayan motar ta daɗe a ajiye wannan ba komai ba ne, a bar inji ya yi aiki har allura ta hau ƙarar ta ɗauke, kafin nan kada a motsa. A kan hanya kuwa zance ya canja, domin in iskar ta ci gaba da zuba ta kai tsakanin 20 da 45, sifirin ɗin da ke cikin birkin baya zai danne tayoyin da kansa, ko a tsakiyar titi ne. Direba na da ɗan lokaci kaɗan ya gangara gefe. Neman yoyon iska da kunne ake fara shi, a cika tanki a kashe inji a zagaya motar ana sauraron tsaki, inda ake zargi a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. A ja zaren zubar da ruwa da ke ƙasan tankin ma, in ruwa ya fito da yawa, na'urar busar da iskar ce ta gaji.