'Yancin faɗin albarkacin baki ya shafi layin asibiti ma

Jama'a, akwai abin da muke gani kullum a ƙananan asibitoci. Mace ta zo awon ciki tun da sassafe, a ce mata babu magani, ko a karɓi kuɗinta kan abin da aka ce kyauta ne, sai ta gyara goyonta ta fita shiru. In ka tambaye ta me ya hana ta magana, sai ta ce, "Ni wace ce? Kada gobe su ƙi duba ni."

Hajiya, doka ta ba ki baki. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayinsa, ya faɗe shi, ya karɓi bayani ya kuma isar wa wasu ba tare da tsangwama ba. Bai ce sai mai digiri ko mai uwa a gindin murhu ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ka damar rubuta wa hukuma takarda ka nemi bayani, kuma kwana bakwai aka ba ta ta amsa. Mu ma'aikatan asibiti ƙorafi ba ya mana daɗi, gaskiya, amma sau da yawa shi ke sa a kawo kayan aikin da muka gaji da roƙo.

Sai dai sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci don tsaro, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wani. Cewa "na zo ranar Talata ban samu maganin zazzaɓi ba" haƙƙinka ne. Ɗaukar murya a WhatsApp ka kira sunan wani ka ce ɓarawon magani ne, babu hujja, ɓata suna ne, kotu za ta iya kiranka. Jita-jita kuwa mun ɗanɗana kuɗarta: a 2003 ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe.

Idan aka yi maka ba daidai ba, riƙe rana da lokaci, ka ajiye rasit in an ba ka. Fara da shugaban asibitin. In bai saurare ka ba, ka je ga kwamitin lafiya na mazaɓa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.