Waiwaye: daga ina maganar sitem sel ta shigo cikin zancen ƙiba da ciwon suga?

Kwana biyun nan da wuya ka shiga guruf na WhatsApp ba ka ci karo da tallar sitem sel ba, har kasuwar Gujungu ranar Lahadi akwai masu yawo da shi a jaka, ɗan ƙullin gari ne mai hoton tuffa da inabi, wai a zuba a ƙarƙashin harshe da safe ya narkar da teɓa ya kori suga ya wanke ƙoda, in ka jawo mutum biyu suka saya kai ma a ba ka naka kaso. To akwai bincike na gaske da ke ɗauke da wannan suna, kan wata irin ƙwayar halitta da ke cikin jiki, shekara da shekaru ana yinsa, sai dai shi daban abin da ke cikin jakar nan daban.

Mafarin zancen insulin ne, wato sinadarin da ke sa jiki ya janye suga daga cikin jini. A 1921 a birnin Toronto na Kanada Frederick Banting da Charles Best suka tatso shi daga fankiriyas, wato ɗan naman nan da ke kwance a bayan tumbi, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa ya farfaɗo, duniya ta ɗauka an gama da ciwon suga. Ashe da sauran rina a kaba. A 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu suga kashi biyu ne, akwai waɗanda jikinsu ba ya yin insulin ɗin, akwai kuma waɗanda suna da shi amma jikin ne ya daina jin maganarsa. Kamar baƙo ne ya tsaya a zaure yana ta sallama ɗauke da kaya, mutan gida sun yi kunnen uwar shegu, shi kuma sai ƙara ɗaga murya yake har muryar ta dishe. Haka fankiriyas ke ta ƙara zubo insulin shekara da shekaru har ya gaji, sai suga ya taru a jini. Wannan na biyun shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ne na baffanninmu da iyayenmu mata da ke bin layi a asibitin Birnin Kudu ko na Malam Aminu Kano.

An daɗe da lura cewa masu ƙiba sun fi kamuwa, amma dalilin bai fito fili ba sai wajen 1993, lokacin da Gokhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman a Boston suka gano kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadari mai haddasa kumburi, kuma da suka toshe sinadarin sai jikin ɓerayen ya soma sauraron insulin. Shekara ɗaya bayan nan Jeffrey Friedman ya gano leptin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa game da ƙoshi. Daga nan aka daina yi wa kitse kallon ajiya kawai, ashe shi ma yana da ta cewa a jiki, musamman na ciki da ya naɗe hanji da hanta, kuma a 2003 aka ga sojojin garkuwar jiki suna yin dandazo a cikinsa in ya yi yawa. Ku riƙe maganar kumburin nan, ita ce ƙofar da sitem sel ya biyo ya shigo.

Shi sitem sel ƙwayar halitta ce da ba ta riga ta zama komai ba tukuna, tana iya haifar irinta kuma tana iya rikiɗa ta zama wata. A Toronton dai, a 1961, James Till da Ernest McCulloch suka tabbatar da ita a ɓargon ɓeraye. Wani Barashe a Mosko, Alexander Friedenstein, ya gano wani nau'in daban a ɓargo mai iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse, wanda Arnold Caplan ya raɗa wa suna a 1991, yanzu ana taƙaita shi da MSC. A 2001 masu bincike a Los Angeles suka nuna ana samun irinsa jingim a cikin kitsen da ake zuƙewa daga jikin masu son rage teɓa, ana kuma samunsa a igiyar cibiyar jariri, wadda mu binnewa muke yi a bayan ɗaki. Da aka lura MSC yana kwantar da kumburi sai lissafi ya zo da sauƙi, tunda kumburi ne ke toshe kunnen jiki, a ɗura wa mutum su mana ta jijiya kamar ƙarin ruwa.

A ɓeraye abin ya yi kyau, suga ya sauka, kitsen hanta ya ragu. Amma ɓera ba mutum ba ne, wlh da duk maganin da ya warkar da ɓera yana warkar da ɗan adam da tuni an rufe rabin asibitocin duniya. A mutane gwajin da aka yi ƙanana ne, yawanci a Sin da Indiya. Ɗaya daga cikin masu ɗan ƙwari shi ne na wani asibitin sojoji a Beijin da aka wallafa a 2022, mutum 91 masu suga nau'i na biyu, rabi aka ɗura musu ƙwayoyin cibiya rabi aka ɗura musu ruwan da ba komai a ciki, ba tare da kowa ya san nasa ba. Bayan kusan shekara, mutum ɗaya cikin biyar ne na waɗanda suka samu ƙwayoyin ya kai matakin da ake nema, wato sugansa ya daidaita kuma allurar insulin ɗinsa ta ragu da rabi. Ya fi na ɗaya ɓangaren, ba a musu, amma huɗu cikin biyar fa ba su kai ba, kuma ba a ce kowa ya warke ba. Maganar rage ƙiba kuwa har yau babu wani babban gwaji da ya nuna ƙarin ruwan sitem sel yana zubar da teɓa. Mafi yawan ƙwayoyin ma a huhu suke maƙalewa, kwana kaɗan sun ɓace. Shi kansa Caplan a 2017 ya fito ya ce a canza musu suna, don mutane na zaton sabon nama suke zama a jiki alhali saƙo kawai suke saki su wuce.

Inda aka samu nasara mai ban mamaki wani reshe ne daban, kuma shi ne masu talla ke ɗauko labarinsa su liƙa a kan hajarsu. Douglas Melton na jami'ar Harvard, wanda 'ya'yansa biyu ke da suga nau'i na ɗaya, ya sanar a 2014 cewa sun iya sarrafa sitem sel a ɗakin bincike ya zama ƙwayar da ke yin insulin. Kamfanin Vertex ya ɗora a kai, a Yunin 2025 aka wallafa cewa cikin mutum 12 da aka dasa wa, 10 sun daina allura bayan shekara guda. Amma duka masu nau'i na ɗaya ne, kuma dole su riƙa shan maganin danne garkuwar jiki irin na masu dashen ƙoda. Akwai kuma wani mutum ɗan shekara 59 a Shanghai mai nau'i na biyu da aka dasa wa a 2021 ya daina allura cikin mako 11, shi ne labarin da ya zaga duniya a 2024 wai Sin ta warkar da suga. Mutum ɗaya ne tal, da ma an yi masa dashen ƙoda yana kan waɗancan magunguna, kuma abin da aka gyara masa ƙarancin insulin ne, ba taurin kan da jiki ke yi wa insulin ba.

Masu neman kuɗi dai ba su jira sakamako ba. A 2017 aka wallafa labarin wasu tsofaffin mata uku a Fulorida ta Amurka da suka biya dala 5,000 kowacce, aka zuƙi kitsensu aka tace aka yi musu allurarsa a ido, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Hukumar magunguna ta Amurka sai a Disamban 2024 ta fara amincewa da wani maganin MSC, shi ma na yaran da dashen ɓargo ya yi wa gardama ne, ba ruwansa da suga ko ƙiba. A nan gida sitem sel na gaskiya da muka sani shi ne dashen ɓargo ga masu sikila, wanda aka fara a asibitin koyarwa na Benin a 2011, aiki ne na miliyoyi da kwanciyar makonni a killace. Shi kuwa garin ƙullin nan, ko da gaske daga tuffa aka ciro shi, ƙwayar itace ce busasshiya, in ta shiga ciki narkewa za ta yi kamar kowane abinci.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu nan karkara matsalarmu ta sha bamban da ta ƙasashen da aka yi wannan bincike. Har gobe in mutum ya ajiye tumbi sai a ce Alhaji an samu hutu, amarya kuma kafin biki ana aikawa kemis a sayo mata sha-ka-fashe don ta ciko, alhali dezametason da ke cikin irin haɗin nan yana cikin magungunan da likitoci suka tabbatar suna hana jiki jin insulin, ga kumburin fuska ga hawan jini. Babur ya karɓe tafiyar ƙafa, injin niƙa ya karɓe daka, fura ba ta shiga sai da suga cokali uku, ga lemon kwalba a kowane suna da ɗaurin aure. Sannan da yawan masu sugan ƙauyukanmu ramammu ne ma ba masu ƙiba ba, har a 2025 ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta amince da wani nau'i na biyar mai nasaba da yunwar ƙuruciya, kaga wannan in ka ce masa ya sha abin narkar da kitse ai ka cuce shi.

Ga mai ƙiba da sugan bai daɗe da kama shi ba, hujja mafi ƙarfi da ake da ita zuwa yanzu daga Birtaniya ta fito a 2017, gwajin Roy Taylor da Mike Lean, inda aka sa mutane rage cin abinci sosai ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kashi 46 cikin ɗari sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara, cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Tun 2002 ma wani babban gwaji a Amurka ya nuna rage nauyi kaɗan da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, metfomin kuma, ƙwayar maganin sugan nan wanda kusan kowane kemis a Ringim ko Wudil yana da shi, ya rage da kashi 31. Don Allah wanda ke kan metfomin ko allura kada ya ajiye saboda ƙullin tuffa, wanda kuma wuyansa ko hammatarsa suka yi baƙi suka yi kauri kamar datti amma wanka ba ya fitarwa, ya je a gwada masa suga da safe kafin ya karya.