Faifan sanyaya kwamfutar tafi-da-gidanka

Faifan sanyaya kwamfuta wani kayan aiki ne da ake ɗora laftof a kansa domin a rage zafin da take yi. Galibi allo ne mai raga, na ƙarfe ko na roba, da fanka ɗaya ko fiye a cikinsa, kuma yana shan wuta daga mashigar USB ta kwamfutar ko daga filogin kansa. Masu buga gem su ne suka fi amfani da shi, saboda laftof ɗin gem tana cin wuta sosai alhali jikinta siriri ne. Galibi faifan ba ya ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki yake kaiwa ga ramukan da kwamfutar ke shaƙar iska, shi ya sa amfaninsa ya dogara ga ƙirar ƙasan kwamfutar fiye da yawan fankokin da ke jikinsa.

Inda zafin yake fitowa

Kusan duk wutar da laftof ta ci, zafi take komawa. Sassa biyu ne suka fi cin wutar, wato CPU mai sarrafa umarni da GPU mai sarrafa hoto. A manyan laftof na gem, GPU irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana iya kaiwa wat 175, CPU irin Core i9-13980HX na Intel kuma yana iya haura wat 150 na ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa cajojinsu ke ɗaukar wat 230, 280 ko 330, yayin da laftof ɗin ofis ke wadatuwa da wat 45 zuwa 65.

A cikin kwamfutar, bututun jan ƙarfe ne ke kwasar zafin daga waɗannan sassa ya kai shi ga wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke bakin mafitar iska. Fankar ciki tana zuƙo iska, galibi daga ƙasa, ta hura ta cikin ganyayyakin, ta fice ta baya ko ta gefe. Idan iskar ta gaza, zafi ya taru. Yawancin CPU na Intel da ke cikin laftof suna da iyakar digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, GPU na Nvidia kuma yakan fara rage gudu a wajen digiri 87. Da zarar an kai iyakar, guntun, wato CPU ko GPU, zai rage saurinsa da kansa don kada ya lalace, mai wasa kuma ya ga hoto yana kakkarkatsewa.

Tarihi

Bututun kwasar zafi ya girmi laftof da shekaru masu yawa. Richard Gaugler na kamfanin General Motors ne ya fara gabatar da dabarar a 1942, amma ba ta samu karɓuwa ba sai da George Grover ya sake gano ta a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka a 1963. Bututu ne rufaffe da ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a gefen da ke da zafi, ya tafi gefen sanyi ya koma ruwa, sannan ya dawo ta wani laushin ƙarfe da aka shimfiɗa a bangon bututun. An fara sa shi a laftof a shekarun 1990, lokacin da guntayen Pentium suka fara fin ƙarfin farantin ƙarfe zalla.

Faifan sanyaya ya biyo bayan wannan ne. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne mashigar USB, wadda aka fitar a 1996 ta kuma bazu bayan 1998, domin tana ba da bolt 5, kuma hakan ya isa ya juya ƙaramar fanka ba tare da wata caja ba. Ana ganin faifan ya yaɗu a kasuwa ne a farkon shekarun 2000. A wancan zamanin wasu kamfanoni suna cusa guntun Pentium 4 na kwamfutar tebur a cikin laftof, ciki har da Alienware, kamfanin da aka kafa a Miami a 1996 wanda Dell ya saya a 2006. Irin waɗannan kwamfutoci sun yi suna wajen zafi da ƙarar fanka. Daga baya kamfanonin kayan sanyaya irin su Cooler Master, mai jerin NotePal, da Thermaltake, mai jerin Massive, da Targus suka mamaye harkar da faifai masu raga da fanka.

Masu ƙera laftof su ma sun gwada hanyoyinsu. A 2015 Asus ya nuna GX700, wadda ake jona wa babban akwatin ruwa ta baya domin sanyaya ta, amma nauyinta da tsadarta sun hana ta yaɗuwa. A 2017 Nvidia ya fito da tsarin Max-Q, wanda ya ba da damar sa GPU mai ƙarfi a jiki siriri. A shekarar 2017 ɗin Asus ya fitar da Zephyrus GX501, mai kaurin da bai kai milimita 18 ba, wadda murfin ƙasanta ke ɗagawa kaɗan idan an buɗe allo domin iska ta samu hanya. Wannan ƙira ta nuna cewa tazarar da ke tsakanin ƙasan kwamfuta da tebur tana cikin manyan abubuwan da ke takura iska.

A wajen farkon shekarun 2020 wani sabon nau'i ya bayyana daga kamfanonin Sin irin su IETS da Llano, mai soso a kewaye da fanka mai ƙarfin turawa. Razer ya fitar da nasa a 2024, mai fankar milimita 140.

Ire-irensa

Mafi sauƙi shi ne marar fanka, wato matashi ko tsayuwar alminiyam da ke ɗaga bayan kwamfutar sama. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara, kuma ba shi da abin lalacewa. Akwai kuma tabarma mai sinadari a ciki wanda ke narkewa yana shanye zafi; tana aiki na 'yan awoyi sai ta ƙoshi, kuma tana iya toshe ramukan ƙasa, don haka ba ta dace da laftof ɗin gem ba.

Na biyu shi ne buɗaɗɗen faifai mai fanka, wanda ya fi yawa a kasuwa. Wasu suna da babbar fanka ɗaya ta milimita 200 mai juyawa a hankali, wasu kuma suna da ƙanana biyu zuwa shida. Wutarsa daga USB take zuwa, kuma nan ne iyakarsa: USB 2.0 tana ba da wat 2.5, USB 3.0 kuma wat 4.5. Idan aka raba wannan tsakanin fanka biyar da fitilu masu launi, abin da kowace fanka ke samu ba shi da yawa. Mafi yawan iskar da yake hurawa tana bugun murfin ƙasa ne ta watse ta gefe.

Na uku shi ne mai soso. Kwamfutar tana zama a kan zoben soso mai kauri wanda ke rufe gefuna, fankar kuma tana tara iska a cikin wannan rufaffen fili, ta yadda ba ta da mafita sai ta ramukan kwamfutar. Manyan cikinsu suna zuwa da filogin kansu, da madannin ƙara gudu ko rage shi, wasu kuma da matatar ƙura. Shi ne ya fi rage zafi, shi ne kuma ya fi ƙara da tsada da nauyi.

Akwai ƙaramar fankar zuƙo da ake maƙalawa a mafitar iska ta gefe. Ta fi dacewa da tsofaffin laftof masu mafita ɗaya.

Wasu faifan suna ɗauke da farantin Peltier, wanda ke yin sanyi a fuska ɗaya da zafi a ɗayar idan wuta ta ratsa shi. Murfin waje kawai yake taɓawa, kuma a wuri mai laima yana iya haifar da raɓa.

Yadda ake zaɓa

Matakin farko shi ne a kife kwamfutar a duba ƙasanta. Idan akwai faffaɗar raga har ana hango fankokin ciki, faifai zai yi amfani. Idan ƙasan rufe yake, kamar na MacBook Air wadda ba ta da fanka ma, abin da faifai zai yi kaɗan ne. Sai a lura da inda ragar take. A laftof ɗin gem galibi tana can baya kusa da maratayin allo, da fanka ɗaya a hagu ɗaya a dama, kuma nan ne ya kamata iskar faifan ta faɗa. Faifai mai babbar fanka a tsakiya yakan hura wurin da babu rami, tunda cibiyar fanka ba ta ba da iska. Wasu faifan NotePal suna barin mai su ya matsar da fankokin zuwa inda yake so, abin da ke magance wannan matsala.

Alƙiblar iskar ma tana da muhimmanci. Faifan da ke zuƙo iska zuwa ƙasa yana kokawa ne da fankar kwamfutar da ke zuƙo ta zuwa sama. Ana gane alƙiblar da ɗora siririyar takarda a kan ragar faifan yana kunne.

Ana rubuta girman faifai da inci, kamar 15.6 ko 17.3, amma wannan awon allo ne. Gara a auna faɗi da zurfin jikin kwamfutar da santimita, domin laftof ɗin gem da yawa suna da ƙugu da ya zarce allon ta baya. Ga mai soso, dole sosan ya kewaye dukkan ragar shaƙa ba tare da ya rufe mafitar iska ta baya ko ta gefe ba. Gibi ko da na faɗin yatsa ne yana zubar da matsin iskar. A duba kuma cewa 'yar katangar da ke riƙe gaban kwamfutar tana da ƙarfi, tunda waɗannan kwamfutoci sukan kai kilo 2.5 zuwa 3.

Masu sayarwa sun fi tallata yawan fanka da yawan juyi a minti. Alƙaluman da suka fi ba da haske su ne yawan iskar da fankar ke motsawa da ƙarfin matsinta, kuma matsin ne ke da muhimmanci idan za a tura iska ta cikin ƙananan ramuka. Babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙaramar mai gudu shiru a iska daidai. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu na ƙara, don haka faifan da ba shi da madannin rage gudu yana da wuyar zama da shi. Idan faifan zai cinye mashigar USB, a nemi mai ƙarin mashiga a jiki, amma kada a jona masa faifan ajiya ko wani abu mai cin wuta.

Gwaji

Ana auna amfanin faifai da manhajoji irin su HWiNFO ko MSI Afterburner. Ana jona caja, a buga gem ɗaya na minti 20 zuwa 30 da kwamfutar a kan tebur, a rubuta zafin CPU da GPU, da saurinsu, da wat ɗin da suke ci. Sai a maimaita da bayan kwamfutar a ɗage santimita 2 ko 3, sannan a kan faifan a kashe, sannan a kunne. Wannan jeri yana bambanta abin da ɗagawa ta kawo da abin da fanka ta ƙara.

Duba zafi kaɗai yana iya ruɗar mutum. Kwamfutocin zamani sukan mayar da ƙarin sanyi zuwa ƙarin gudu, sai a ga zafi bai sauka ba amma wat da sauri sun hau. Wani lokacin kuma fankar ciki ce ke lafawa, zafin ya tsaya inda yake.

Abin da faifai ba ya gyarawa

Idan ƙura ta toshe ganyayyakin ƙarfe na ciki, ko man da ke tsakanin guntu da jan ƙarfe ya bushe, babu faifan da zai taimaka. Alamar ita ce fanka tana ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, ko zafi ya haura cikin 'yan daƙiƙu da fara aiki. Maganin shi ne a buɗe a share, a riƙe fankar kada ta juya yayin hura mata iska, a kuma sauya man. Wasu laftof, kamar da yawa daga jerin ROG na Asus, suna amfani da ƙarfe mai ruwa-ruwa a maimakon man. Wutar lantarki tana ratsa shi, kuma ɗigo ɗaya a kan allon ciki yana iya ƙona shi, saboda haka aikin gwani ne.

Zafin ɗaki shi ne wata iyakar. Kamfanoni da yawa suna sa digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da laftof, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafin rana a watan Afrilu yakan wuce 40. Duk digirin da iskar ɗaki ta ƙaru, kusan haka zafin guntu zai ƙaru. A lokacin hunturu kuma faifai mai ƙarfi yana tura ƙarin ƙura ciki, don haka matatar ƙura da yawan wanke ta sun zama dole. Rage yawan hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa, ko rage wat ɗin CPU daga manhajar kamfanin, sau da yawa yana sauke zafi ba tare da an kashe ko sisi ba.

Saɓani

Gwaje-gwaje sun sha bamban. Da yawa sun nuna buɗaɗɗen faifai yana rage 'yan digiri kaɗan, mafi yawansu daga ɗagawa, mai soso kuma yana iya rage fiye da 10 a kwamfutar da ta dace da shi. Ana kuma muhawara a kan ko matsin iskar mai soso yana gajiyar da fankar ciki idan an daɗe ana amfani da shi.

Lafiya

Daɗewa da laftof mai zafi a kan cinya yana iya barin tabo mai kama da raga a fata. Faifai yana raba fatar da murfin, sai dai mai fanka yana buƙatar shimfiɗa mai tauri, domin tufafi ko katifa suna toshe ramukan da yake shaƙar iska.