'Yar Magen da Ke Tangaɗi Ba Mahaukaciya Ba Ce

Ranar wata Talata muna tsaka da yi wa awaki allurar riga-kafi a ƙofar gidan mai unguwa, sai ga wani yaro ɗauke da kwalin taliya a ka, wata dattijuwa na biye da shi tana gyara lulluɓi. Ya dire kwalin a gabana ya ja da baya. 'Yar mage ce a ciki, fara mai ɗigon baƙi a goshi, ba za ta wuce wata biyu ba. Na fito da ita na ajiye a ƙasa. Ta ware ƙafafu kamar wanda ya tsaya a cikin kwalekwale, ta ɗaga ƙafar gaba sama fiye da kima, ta taka, ta yi gefe ta faɗi. Kafin in miƙa hannu ta tashi, ta nufi igiyar takalmina tana kai mata cafka.

"Likita, dubar mana ita don Allah," in ji dattijuwar. Ni malamin dabbobi ne, ba likita ba, amma a ƙauye duk wanda ya riƙe sirinji ya zama likita. "Maƙwabta sun ce a kai ta bayan gari. Wasu sun ce ciwon hauka ne, wasu sun ce iska ce ta taɓa ta. Shi kuma jikan nan nawa ya hana ni sakat da kuka."

Na ce, "Inna, tun yaushe take wannan tangaɗin?"

"Tun ranar da ta fara tafiya."

"Abin ƙaruwa yake yi?"

"A'a, ɗan nan. Yanzu ma ta fi iya tashi."

"Ci fa?"

Ta yi dariya. "Ta fi 'yan'uwanta ci. Sai dai rabin abincin a ƙasa yake ƙarewa."

Waɗannan tambayoyi uku su ne rabin aikin, kuma kowa zai iya yin su a gidansa.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya ga wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa mai yawan layi-layi, a maƙale a bayan babbar, ta wajen ƙeya. Likitoci na kiranta serebelam. Ba ita ke tunani ba, ba ita ke jin zafi ba. Aikinta saita motsi: ita ke auna nisan da ƙafa za ta taka, da ƙarfin da wuya zai sa kafin baki ya isa kwano. A jikin mage wannan sashe bai gama ginuwa sai a ƙarshen goyon ciki, wanda ke ɗaukar kwana 63 zuwa 65, da kuma makonnin farko bayan haihuwa. Idan a daidai wannan lokaci wata ƙwayar cuta mai suna fanlukofeniya ta kama uwar, ko ta kama jariran, sai ta afka wa ƙwayoyin da ke kan rarrabuwa a wannan sashe ta lalata su. Ɗan magen ya tashi da serebelam ɗin da bai cika ba. Tun a shekarun 1960 masu bincike suka tabbatar cewa ƙwayar da ke haddasa wannan tangaɗi ita ce dai wadda ke kashe maguna da amai da gudawa. Cikin haihuwa ɗaya ana iya samun wanda abin ya taɓa sosai, da wanda ya ɗan taɓa, da wanda ya fita lafiya lau.

Ba a gane shi ranar haihuwa, domin duk jariran mage rarrafe suke. Sai sun kai mako biyu zuwa huɗu, 'yan'uwansa sun fara takawa, shi kuma yana ta faɗuwa. Akwai wata alama da nake nuna wa mutane: ka lura da kansa lokacin da ya nufi abinci. Zai riƙa kaɗawa kamar kazar da ke tsattsagar tsaba, yana kai baki yana kuskurewa. Da ya kwanta barci, rawar ta tsaya cak. Sai ya yi niyyar yin wani abu take tasowa.

Ɓarnar da aka yi an riga an yi ta, ba ta gyaruwa, amma kuma ba ta ƙaruwa. Babu raɗaɗi a tare da ita. Tangaɗin ba ya shafar mutum, ba ya shafar wata dabba, kuma hankalin magen ƙalau yake. In ɗan magen ya samu kulawa zai yi tsawon rai kamar kowace mage. Shi bai ma san akwai wata irin tafiya da ta fi tasa ba, mu masu kallo ne tausayi ke kamawa.

To amma ba zan ce tsoron maƙwabtan Inna shirme ba ne. Ciwon haukan kare gaskiya ne, yana kama mage, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Bambancin shi ne, dabbar da haukan kare ya kama, tana cikin lafiyarta ne rana ɗaya halinta ya sauya. Mai son mutane ta koma ɓuya ko kai cizo ba dalili, yawu na dalala, haɗiya ta gagara, jiki ya fara shanyewa. Kullum abin gaba yake yi, kuma da wuya ta wuce kwana 10 bayan alamun sun bayyana. Magen da ta yi makonni tana tangaɗi tana ci tana wasa ba ta cikin wannan sahu. Duk da haka, in mage ko kare da ba a san lafiyarsa ba ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiran ganin alama a jikin mutum, domin in ta fito an makara.

Sauran abubuwan da ke sa mage rawar jiki ba zato ba tsammani, yawancinsu daga hannunmu suke fitowa. Ota-fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro, da maganin ɓera, da maganin kaskar kare ko na shanu da wani zai shafa wa mage da kyakkyawar niyya, duk suna iya kawo karkarwa da kumfar baki da mutuwa. Ciwon cikin kunne kan sa ta karkace kai tana zagaye. Jaririn da ya wuni bai sha nono ba kan yi laushi ya kasa tsayuwa. Waɗannan duk na gaggawa ne, a kai wa likitan dabbobi nan take. Ko mai tangaɗin haihuwar ma ya kamata likita ya duba shi sau ɗaya ya tabbatar. Akwai asibitocin dabbobi na jiha, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak na iya kashe babbar mage, balle jaririya. Kuma tangaɗin haihuwa ba shi da magani, na asibiti ko na gargajiya. Duk wanda ya ce zai sayar maka da allurar da za ta miƙar da ita, kuɗinka yake so.

Wanda ke son ɗaukar irin wannan mage ya fara yi wa kansa gaskiya. In don ɓera kake nema, nemi wata. Wannan ba ta hawa katanga, ba ta tsere wa kare, ba ta kauce wa babur, ko shirwa na iya sure ta tana ƙarama. 'Yar ɗaki ce, sai tsakar gida in akwai ido a kanta. Ka kuma duba girman lalurar. Wata ɗan layi kawai take yi. Wata ba ta taku uku ba ta faɗi ba. Akwai wadda ba ta iya tsayuwa sam, sai an riƙe ta ta ci, an riƙe ta ta yi bayan gida, kullum, shekara da shekaru. Kuma a bar ta wajen uwarta har ta cika mako 8 kafin a raba su.

Da na je gidan Inna bayan kwana biyu, rijiya na fara dubawa. A buɗe take, bakinta daidai da ƙasa. Muka sa aka rufe ta da murfi mai nauyi, aka rufe bakin masai, aka daina barin bokiti da ruwa a tsakar gida. Murhu ma sai an kare shi, domin mage mai tangaɗi in ta nufi ɗumi ba ta iya tsayawa inda ta yi niyya. Ɗakin Inna sumunti ne mai santsi, ƙafafun 'yar magen sai zamewa suke, muka shimfiɗa tsohon buhun algarara da tabarma daga inda take kwana zuwa inda take ci. Nan take tafiyarta ta sauya, saboda ta samu abin da za ta kafa farce. Shi ya sa ba a yanke mata farce ƙwarai, da su take riƙe ƙasa. Masu gidan bene su tare matakala.

Kwanon silba mara nauyi ba ya yi mata, tana kai baki zai kife, kuma yawan buga baki a ƙarfe na iya fasa mata haƙori. Muka samo ƙaramin kasko mai faɗi, muka ajiye a lungu inda za ta jingina da bango tana ci. Na ruwa kada ya yi zurfi, don kanta na iya dulmiya. Wurin bayan gida kuwa, tsohuwar robar wanki muka yanke wa gefe ɗaya ya yi ƙasa, sauran gefen muka bar su da tsayi don ta samu majingina, muka zuba yashi. A kwashe kullum, a wanke hannu, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, saboda akwai cutar da ke cikin kashin mage mai iya taɓa ɗan tayi.

Batun abinci shi ne inda muka fi yin gardama da Inna. Mage ba akuya ba ce, tuwo da miya ba sa riƙe ta, nama jikinta ke buƙata. Ba sai mai tsada ba: dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, 'yan kayan cikin kaza. A cire nata kafin a sa albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Ɗanyen kifi kullum na iya jawo mata wata matsalar jijiya a kan wadda take da ita, madarar shanu kuma kan sa yawancinsu gudawa. In ta ɓata jikinta, a goge da tsumma mai ɗumi, musamman lokacin hunturu da wanka ke iya sa mata sanyi.

Allurar riga-kafi ita ma tana buƙata kamar kowace mage: ta fanlukofeniya daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 ko 4 har ta kai mako 16, ta haukan kare kuma in ta cika wata 3. Wanda ke da macen mage ya yi mata riga-kafin kafin ta ɗauki ciki. In ta riga ta ɗauka a gaya wa likita, domin nau'in allurar mai rayayyiyar ƙwaya na iya haddasa wa 'ya'yan wannan lalurar da ake gudu. Gidan da maguna suka mutu da amai da gudawa kuwa, ƙwayar na iya shekara guda a wurin da ranta. A wanke ƙasa da kwanuka da sabulu, sannan a zuba bilic, murfi 1 cikin ruwa murfi 32, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye.

Maganar iska kuwa, ban yi musu da kowa ba. Inna ce da kanta ta tuna wa maƙwabciyarta hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ta ce a ɗauki magen da ba ta iya tafiya a yar a bayan gari ai duk ɗaya ne da tsarewar. Maƙwabciyar ta yi shiru.

Da muka koma unguwar zagaye na gaba, yaron ya tare ni tun daga bakin layi. 'Yar magen ta girma, har yanzu tana tangaɗi, amma ta koyi bin jikin bango in za ta tsallaka ɗaki, kuma ta gano yadda za ta hau gadon Inna da farce ta gefen zanin gado. Yaron ya ce in zo in gani, jiya ta kama fara.