Fasahohin rage shan mai a manyan motocin dakon kaya

Fasahohin rage shan mai su ne gyare-gyare da na'urorin da kamfanonin sufuri ke amfani da su domin tirela ta yi tafiya mai nisa da dizil kaɗan. Kuɗin mai da albashin direba su ne suka fi cin aljihun mai motoci.

Tarihi

Yawanci ana danganta farkon wannan aiki da ƙarancin man da ya auka wa Amurka a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana ta ɗanyen mai. Kan tirela a zamanin kamar akwati yake, gaba a shafe, kusurwoyi a tsaye. An ce wani injiniyan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Kalifoniya, Edwin Saltzman, yana zuwa aiki a keke ne ya lura da yadda iskar tirela ke tura shi gefe idan ta tunkaro, ta kuma janyo shi idan ta wuce. Shi da abokan aikinsa suka lulluɓe wata ƙaramar mota da falankin alminiyom, suka riƙa mulmule kusurwoyinta suna aunawa, har turjiyar iska ta ragu da kimanin rabi.

Masu ƙera motoci ba su yi saurin karɓa ba. Sai a 1985 kamfanin Kenworth ya fito da motar T600 mai hanci a sunkuye. Direbobi suka yi ta yi mata dariya, masu kamfanoni kuwa suka duba lissafin mai suka saya. An kuma ƙara hula a saman kan mota da fallaye a gefen bodi, tsakanin tayoyin gaba da na baya, don hana iska kutsawa ƙarƙashi. Amfaninsu ya fi fitowa a gudu sosai kan titi mai kyau.

Inji da giya

Volvo ta fito da giyar I-Shift mai sauya kanta a 2001. Wajen 2012 motocin Scania da Volvo suka fara lura da hawa da gangarar hanya tun kafin a iso su: mota ta ƙara wuta kafin tudu, ta saki totur dab da ƙarshensa.

Taya

Akwai tayoyi masu sauƙin mirginawa, da na'urar da ke lura da iskarsu.

Bin sawu

Na'urar GPS mai nuna inda mota take da ma'aunin tanki suna nuna wa ofis gudun mota, da daɗewar inji yana aiki a tsaye, da faɗuwar mai farat ɗaya. Wannan na ƙarshen ya fi jan hankalin masu motoci a Najeriya saboda zuƙe dizil a hanya. 

Jerin gwano

An gwada haɗa tireloli ta rediyo su bi juna kurkusa don rage turjiyar iska, musamman a Turai a 2016. Kamfanin ƙera motoci na Daimler ya janye a 2019, yana cewa ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wasu kamfanonin ba su yarda da hakan ba.