Cutar taurin fata: mata ta fi kamawa, maza ta fi kashewa

Cutar taurin fata, wadda likitoci ke kira sikiliroderma, garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita. Fata ta yi tauri ta ɗame kamar tabon ƙuna, ƙananan hanyoyin jini su tsuke. In ta yi nisa takan shiga huhu, zuciya, ƙoda da hanyar abinci. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba kuturta ba ce, ko da yake lanƙwasassun yatsu kan sa a yi wannan zato.

Yawanci a yatsu take fara nuna kanta. Da sanyin hunturu irin na Zariya, mace ta tsoma hannu a ruwan wanke-wanke da asuba, sai yatsun su koɗe su yi toka-toka, su mutu, can jini ya dawo da zugi. Daga baya a ga ɗige-ɗigen fari a goshi ko ƙirji, ƙwannafi ya dame ta, baki ya tsuke har loma ta yi wuyar shiga.

Mata sun ninka maza aƙalla sau uku wajen kamuwa, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Sai dai da yawansu tasu takan tsaya a hannu da fuska, tana tafiya sannu shekara da shekaru, babban hatsarinta a gaba shi ne hawan jini a jijiyoyin huhu. Namiji kuwa da gaggawa takan zo masa: taurin ya haura ƙirji da ciki, huhu ya yi tabo, zuciya ta taɓu. Shi ya sa maza suka fi saurin mutuwa da ita. Matanmu ma kada su saki jiki, domin a baƙar fata ta fi zuwa da wuri, ta fi tsanani.

Ƙurar dutse na da hannu wajen kamuwa da cutar. Tun 1957 wani likita mai suna Erasmus ya lura da yawan cutar a cikin masu haƙar zinari na Afirka ta Kudu, kuma fasa dutse da haƙar ma'adinai galibi aikin maza ne. To, mai wannan sana'a in ya zo da busasshen tari da haki, tarin fuka kowa zai fara zato, da wuya a kalli yatsunsa. A babban asibiti irin na Shika da ke kusa da Zariya, gwajin jini da hoton ƙirji da awon numfashi ne ke raba gardama. Ba ta warkewa ɗungurungum, amma akwai magungunan da ke rage gudun tabon huhu, musamman in an soma da wuri.